Ɗan littafin Girenobul: yadda ƴan makaranta suka riga gwamnatoci rubuta harsunan gida



Tun watan Maris na 2025, da aka sa hannu kan kundin sake fasalin ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki, muhawara ba ta kwanta ba. A fada wajen shan shayi, a tasha, har cikin kiran da kuke yi mana a rediyo, wani murna yake, wani tambaya yake ina makomar Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Kanuri, wani kuma cewa yake a bar wasa, harshen gida ba ya iya ɗaukar lissafi da kimiyya. Wannan magana ta ƙarshe ce ta sa muka waiwaya baya, don ba sabuwa ba ce. An yi ta shekara fiye da sittin da suka wuce, kuma waɗanda suka zauna suka amsa ta ba ministoci ba ne. Ƴan makaranta ne masu cin bursi a ƙasar Faransa, a cikin ƙungiyarsu ta ɗalibai, cikin sanyin da ba su saba da shi ba. Labarinsu za mu kawo muku yau, kuma za ku ga yadda hanyar ta biyo har Tasawa da Damagaram.

Kafin mu je Faransa sai mun tsaya Senegal. Can ne Faransawa suka kafa makarantar William Ponty, wadda ta horar da mushe-mushe da akawuna da ƴan takarar aikin likita na dukan yammacin Afirka da ke hannunsu. Ta zauna a tsibirin Gore daga 1913, daga baya aka maida ta Sebikotan kusa da Dakar. Bubu Hama ya bi ta can, ya dawo a 1929 a matsayin mushen lakwal na farko ɗan Nijar. Jori Hamani ya bi ta can, Jibo Bakari ma haka. A cikin shekarun 1930 makarantar ta fito da al'adu biyu. Ta farko, kowane ɗalibi in zai gama sai ya rubuta kaye guda kan al'adun garinsu: aure, abinci, magungunan gargajiya, wasannin yara, tatsuniyoyi. Ɗaruruwan waɗannan kayoyi suna nan ajiye a cibiyar IFAN ta Dakar, UNESCO ma ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015. Ta biyu, wasan kwaikwayo na ƙarshen shekara, inda ɗaliban kowace ƙasa ke tsara wasa daga tarihi ko al'adar gida. Abin ya yi suna har aka kwashe su zuwa Paris a 1937 suka yi wasa gaban Turawa.

To amma ku lura da abu guda. Kayen da Faransanci ake rubuta shi, don mushe Bature ya karanta ya ba da maki. Wasan ma zancensa da Faransanci ne, sai waƙa da kiɗa da rawa aka bar wa harshen gida. Wato an yarda da al'adarka in kallo za a yi, amma tunani da rubutu na Faransanci ne. Kuma a lokacin da ake tafa wa ɗaliban Ponty, a lakwal ɗin ƙauye yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa rataya masa sambol ake yi a wuya. Da yawa daga cikinmu da muka yi lakwal shekaru da dama bayan ƴancin kai mun tarar da sambol da ransa, ba labari aka ba mu ba. Taron Barazabil na 1944, wanda ake cewa ya sassauta mulkin mallaka, ya sake jaddada cewa da Faransanci kaɗai za a koyar, an hana harsunan gida a aji. Abin mamaki, su masu mulkin sun san amfanin harsunan. A ƙarshen shekarun 1930 Jori Hamani ya zauna Paris yana koya wa Turawan da za a turo su zama kumandan Hausa da Zabarmanci. Kumandan ya koyi Hausa don ya yi mulki, ɗan Bahaushe kuwa an hana shi ita don ya yi karatu.

Tsallaken iyaka abin ya bambanta. A Zariya tun 1933 aka yi gasar rubuta littattafan Hausa da ta haifi Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, a 1939 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa. Ba don Ingila ta fi ƙaunar baƙar fata ba, salon mulkinta ne daban. Amma sakamakon shi ne mutumin Katsina ya riga ɗan'uwansa na Maraɗi ganin harshensa a buge cikin boko da shekaru masu yawa, alhali tsakaninsu tafiyar ƴan sa'o'i ce.

Bayan yaƙin duniya na biyu ƙofar jami'o'in Faransa ta ɗan buɗe, ɗaliban Afirka suka fara yawa a Paris da sauran birane. A 1950 suka yi taro biyu, ɗaya a Liyon cikin Afrilu, ɗaya a Bordo cikin Disamba, suka haɗa ƙananan ƙungiyoyinsu suka kafa tarayyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, wadda kowa ya sani da FEANF. Wadda aka fara zaɓa ta shugabance ta mace ce, Solange Faladé, ƴar Dahome, ƙasar Benin ta yau, mai karatun likita. Cikin jagororin farko akwai Amadou-Mahtar M'Bow ɗan Senegal, wanda daga baya ya riƙe UNESCO daga 1974 zuwa 1987. Ƙungiyar tana da reshe a biranen da ke da jami'a, tana da kuma rassa na ƴan ƙasa ɗaya-ɗaya. Da farko damuwarta bursi da ɗakin kwana da lafiyar ɗalibai ne. Ba a daɗe ba ta zama ta siyasa gadan-gadan. Jaridarta, L'Étudiant d'Afrique noire, ta sha kamu a hannun hukuma. Da Janar De Gaulle ya kawo ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, FEANF a'a ta ce, kamar yadda Sawaba ta Jibo Bakari ta ce a nan gida. Gine kaɗai a'a ta yi rinjaye.

Wannan ɓangaren siyasa shi ne aka fi tunawa, kuma gaskiya shi ya ci yawancin ƙarfin ƙungiyar. Aikin harshe ƙarami ne a gefe. Sai dai akwai mutum guda da ya hana a manta da shi.

Cheikh Anta Diop ya iso Paris a 1946, ɗan Senegal da ya fara da karatun allo kafin boko. Tun 1948, yana ɗalibi, ya buga wata maƙala inda yake tambaya yaushe ne za a iya cewa Afirka ta farfaɗo, ya kuma amsa cewa ba za a yi ba sai da harsunanta. Daga 1950 zuwa 1953 shi ne magatakardan ƙungiyar ɗaliban jam'iyyar RDA. A 1954 ya fitar da littafinsa Nations nègres et culture. Yawancin mutane abin da suka riƙe daga littafin shi ne maganar Misira ta dā da asalin mutanenta. Amma akwai kashi na biyu da ya fi shafar muhawararmu ta yau. Da yake mutumin ya yi karatun kimiyya, bai tsaya gardama da masu cewa harshen Afirka ba ya ɗaukar ilimi ba. Sai ya ɗauki kalmomin lissafi da na kimiyya ya samo musu takwarori a Wolof, har ya juya taƙaitaccen bayanin nazariyyar Einstein zuwa harshen. Ana iya sukar kalmomin da ya zaɓa, an ma soke su. Amma daga ranar, mai cewa ba ya yiwuwa sai ya sake wata hujja.

Ɗalibai suka karanta littafin kamar yunwa. A Girenobul, wani birnin jami'a da ke gindin duwatsun Alfes inda ƙanƙara ke sauka da hunturu, wasu ɗaliban Senegal ƴan FEANF suka ce to, malam ya nuna yana yiwuwa, saura a fara daga tushe. A 1958 suka kafa wani ɗan rukuni na aikin harshe. Cikinsu akwai Assane Sylla, da Cheik Aliou Ndao wanda Ingilishi ma yake karanta. A 1959 suka fitar da ɗan littafi mai suna Ijjib Volof, littafin koyon haɗa baƙi da wasali a harshen Wolof da haruffan boko. In za mu kwatanta da abin da muka sani, babbaƙu da farfaru ke nan.

Wani zai ce shi ke nan? Duk wannan dogon labari a kan littafin ƴan aji ɗaya? E, a kansa. Ku tsaya mu duba abin da ke cikin irin wannan aiki. Wolof ba harshen da bai san alƙalami ba ne. Yana da ajaminsa da ake kira wolofal, malamai irin su Serigne Moussa Ka sun rubuta waƙoƙi masu yawa da shi, kamar yadda malamanmu suka yi da ajamin Hausa. Matsalar ita ce boko. Faransawa sun saba rubuta sunayenmu da kunnensu da ƙa'idar harshensu. Ku dubi allunan da ke bakin hanya: Tessaoua, Tahoua, Madaoua, Dogondoutchi, Guidan Roumdji. Haruffa huɗu, a-o-u-a, don a ce «awa». Tasawa, Tawa, Madawa, Dogon Dutsi, Gidan Rumji, kun ga yadda suka yi sauƙi in an ba kowane sauti harafi guda? Maraɗi kuwa har yau a takardun hukuma ɗ ɗinta ya ɓata, Ƙonni ma ƙ ɗinta. A suna ba komai, kowa ya san garin. Amma a jimla, kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, kara da ƙara ba ɗaya ba ne, baba da babba ba ɗaya ba ne. Wanda zai rubuta littafin koyon karatu dole ya yanke hukunci kan kowane sauti: wane harafi, a ina kalma ta ƙare wata ta fara, wane baƙi za a fara koya wa mai koyo, wace kalma ce manomi da mai tallar kifi za su gane nan take. Aiki ne na zama da gardama, ba mai tafa maka. Kuma waɗanda suka yi shi su ne waɗanda suka fi kowa cin dikte, waɗanda Faransanci ya riga ya buɗe wa ƙofa. Ba su da wata riba ta kansu a ciki. Mu wannan ne ya fi burge mu a labarin.

Ba a yi musu maraba da hannu biyu ba da suka koma gida. Cheik Aliou Ndao ya yi suna da wasan kwaikwayonsa L'Exil d'Albouri, da Faransanci, wanda ya ci kyauta a bikin al'adun Afirka na Aljiyas a 1969. Amma labarinsa Buur Tilleen da Wolof ya fara rubuta shi, ya rasa mai buga masa. Sai da ya juya shi zuwa Faransanci ya fito a 1972. Na asalin, na Wolof, sai 1993 ya ga hasken rana. Ku lissafa: shekara talatin da huɗu tsakanin ɗan littafin Girenobul da ranar da ɗaya daga marubutansa ya ga labarinsa a buge da harshen uwarsa. Duk da haka irin ya tsira. A farkon shekarun 1970 masanin harshe Pathé Diagne da mai shirya fim Ousmane Sembène suka kafa jaridar Kàddu da Wolof. A 1971 gwamnatin Senghor ta fitar da dokar yadda za a rubuta harsunan ƙasa guda shida.

Daga nan sai abin ya koma rigima mai ban dariya da ban takaici. Ku sake duba sunan littafin: Ijjib, da j biyu. Senghor, wanda shi kansa gwanin nahawun Faransanci ne, bai yarda da irin wannan ninka baƙi ba a wasu kalmomi. Da Cheikh Anta Diop ya kafa jaridar adawa mai suna Siggi, wato ɗaga kai, hukuma ta ce g ɗaya ya kamata. Shi kuwa ya ƙi cire harafin, ya gwammace ya sake wa jaridar suna zuwa Taxaw, wato tashi tsaye. Fim ɗin Sembène mai suna Ceddo, na 1977, an hana nuna shi a Senegal na tsawon shekaru, kuma dalilin da hukuma ta bayar shi ne d biyu. Kowa ya san akwai siyasa a ƙarƙashi. Amma ku ɗauka yau a ce an kafa doka a rubuta babba da b ɗaya a tsakiya, kun san abin da zai biyo baya.

Yanzu mu dawo gida. Cikin ɗaliban da suka yi gwagwarmayar FEANF tun farkonta akwai wani haifaffen Tasawa, an haife shi a 1929, shi ma ya bi ta Ponty kafin ya wuce Paris. Abdu Mumuni ke nan. A 1956 ya ci jarrabawar agrégation a kimiyyar fizik, abin da babu ɗan Afirka baƙar fata na ƙasashen Faransa da ya riga shi. Bayan Gine ta ce a'a Faransa ta janye ma'aikatanta, yana cikin waɗanda suka je Konakiri suka koyar. Mu a nan mun fi saninsa da aikin hasken rana, da ofishin ONERSOL da ya riƙe daga 1969, da shugabancin jami'ar Yamai, wadda aka sa wa sunansa a 1992, shekara guda bayan rasuwarsa. Amma a 1964 ya fitar da littafi mai suna L'Éducation en Afrique. A ciki ya bi tarihin tarbiyyar gargajiya, ya tona yadda lakwal ɗin mulkin mallaka ta kasance injin ƙera ƴan ƙalilan masu yi wa Bature hidima, sannan ya ce in ana son ilimi ya kai ga talakawa da manya da yara, dole harsunan Afirka su shiga aji su zama abin koyarwa. Ku lura, wannan ba malamin adabi ba ne da za a ce yana kare sana'arsa. Mutumin lissafi da awo ne, kamar Cheikh Anta Diop. Kuma harsuna ya ce, ba harshe ɗaya ba.

A shekarun nan Nijar ba ta kasance a baya ba, wannan ya kamata matasa su sani. A 1962 aka kafa ƙungiyar radiyo-kulob, inda ake zama a saurari shiri da harshen gida a yi muhawara a naɗi muryar mutanen ƙauye a maida ta iska. Mu ma'aikatan rediyo jikokin wannan aiki ne. Daga nan ofishin yaƙi da jahilci ya fara koyar da manya da harsunansu. A 1966, daga 28 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris, UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita haruffan harsuna shida: Mandinko, Fulatanci, Tamajak, Zabarmanci da Sonai, Kanuri, da Hausa. Shida ɗin nan, biyar namu ne. A tebur guda aka zauna a kansu, babu wanda aka ce ya jira waje. A 1968 aka buɗe a Yamai cibiyar tattara tarihin baka, wadda ta zama CELHTO a ƙarƙashin ƙungiyar haɗin kan Afirka, kuma hannun Bubu Hama na cikin kafuwarta. Sai dai a wannan Yamai ɗin ne kuma, ranar 20 ga Maris 1970, aka kafa hukumar da ta zama ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, Jori Hamani na cikin iyayenta. Ƙafa ɗaya nan, ƙafa ɗaya can, haka aka yi ta tafiya. Ita ce ƙungiyar da Nijar ta fice daga cikinta a 2025.

Bayan Bamako, Hausar Nijar a rubuce ta ɗauki wata kama: ana ninka wasali in dogo ne. Shi ya sa tsofaffin jaridun yaƙi da jahilci za ku ga an rubuta Gangaa, ko Saabon Ra'ayii. Ga mai koyo abin yana da amfani, don yana jin tsawon sautin a idonsa. Amma ya raba mu da littattafan Zariya da Kano. A 1980 aka yi taro a Yamai aka daidaita rubutun ƙasashen biyu, aka bar ninka wasali, a 1999 kuma ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idar da ake bi yanzu. Ɗan bambancin da ya rage shi ne irin ƴ ɗin da kuke gani a wannan rubutu, wanda su can suke rubutawa da waƙafi a sama da y.

A 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa, Faransanci ya shigo daga baya. Aka bi da wasu da Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Kanuri. Awon da aka yi wa yaran ya nuna ba su kasa takwarorinsu na sauran lakwal ba. Amma sunan gwaji ya manne musu shekara da shekaru, har ɗaliban farko suka haifi ɗiya suka kai su lakwal ana nan ana gwaji. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a koyarwa, ta 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda goma. Takardu dai ba mu rasa su ba.

A nan ne labarin Gine ya kamata ya hana mu barci. Seku Ture ya yi abin da ɗaliban FEANF suka yi mafarki: daga 1968 aka maida harsunan ƙasa abin koyarwa a firamare. Sai dai littattafai ba su wadata ba, malamai ba su samu horon kirki ba, yaro ya gama aji ya rasa abin karantawa da harshen da aka koya masa. Da ya rasu a 1984 sojoji suka karɓi mulki, a shekarar aka koma Faransanci, kuma iyaye da yawa ba su yi kuka ba. Har yau in ka yi maganar koyarwa da harshen gida a wasu wurare, Gine za a nuna maka. A ganinmu harsunan ba su da laifi a wannan faɗuwa. An yi shelar biki ne ba a girka abinci ba.

FEANF kanta ta tsufa cikin rarrabuwar aƙida, gwamnatin Faransa ta rushe ta a 1980. A nan gida ƙungiyar ƴan makaranta USN, wadda aka kafa a Yulin 1960, ita ta gaji zafin gwagwarmayar. Ba wanda zai manta 9 ga Fabrairu 1990, da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy, abin da ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991. Wannan gado ƴan makarantarmu sun riƙe shi da kyau, kowace shekara ana tunawa. Gadon Girenobul ne ba mu ga an riƙe shi haka ba.

Ba wai babu ƙungiyoyin al'adu a jami'o'inmu ba. Akwai su, na ƴan jiha kaza, na ƴan gari kaza, kuma ranar bikinsu abin kallo ne: rawani da saƙi, kwalliyar Fulani, takoba, kalangu, kokowa, fura a ƙwarya, a yi hoto a sa a Facebook. Muna zuwa, muna ɗauko muku rahoto, muna jin daɗi. Amma mu faɗi gaskiya, wannan ɗaliban Ponty sun yi shi tun 1937, kuma kumandan bai ji tsoronsa ba. In an kwashe kujeru an biya mai kiɗa, me ya rage da wani zai buɗe bayan shekara goma?

Ga shi kuwa aikin a zube yake, kuma yanzu jami'o'in sun zo ƙofar gida. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tana da masu karatun noma da kimiyya da likita. Ta André Salifou a Damagaram tana da masu adabi da tarihin ƙasa. Ta Djibo Hamani a Tawa tana da masu shari'a da tattalin arziki. Abdu Mumuni a Yamai tana da sashen nazarin harsuna. Takardar da ke cikin kwalin maganin ƙwari da manomi ke fesa wa wake, wa ya juya ta? Bayanin yadda mai ciwon sukari zai sha maganinsa fa? Matar da aka kira gaban alƙali kan gadon gona, da wace takarda za ta san haƙƙinta? Mu kanmu a ɗakin labarai kullum muna fama. Sanarwar taron ministoci ta zo da Faransanci, saura minti ashirin a shiga iska, kowane mai fassara ya ƙago kalmarsa. Décret da ordonnance da arrêté duk mu ce doka, alhali ba abu ɗaya ba ne, gobe wata tasha ta faɗi wani abu daban, mai saurare ya rasa na kamawa. Jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun yi nisa wajen ƙirƙirar kalmomi, ba sai mun fara daga sifili ba. Amma ba kwafa kawai za a yi ba, don su aronsu daga Ingilishi ne, mu daga Faransanci. Su caji ofis, mu komisariya. Su biro, mu bik. Sai an zauna an tace, kalma bayan kalma, kamar yadda aka zauna a Girenobul.

Ga ƴan'uwanmu masu fargabar cewa ɗaga Hausa zai danne nasu harshen, fargabar ba ta banza ba ce, kuma bai kamata Bahaushe ya yi mata dariya ba, shi da ya san zafin sambol. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne duk matakin kirki da aka taka a ƙasar nan, daga Bamako zuwa lakwal ɗin gwaji zuwa dokar 2001, tare aka taka shi. Rukunin ɗalibai da zai zauna kan kalmomin asibiti da Hausa, ba abin da zai hana tebur na kusa ya zama na Zabarmanci, na gaba na Tamajak, a yi amfani da jerin kalmomi guda. Kuɗin da ake kashewa a hayar kujeru da lasifika na dare ɗaya zai buga ɗan littafi mai shafi talatin, ballantana yanzu da waya ke kai rubutu inda mota ba ta zuwa.

Muna da roƙo guda. Akwai dattawa a Madawa, Tibiri, Mirya, Matamai da sauran wurare da suka yi karatun yaƙi da jahilci a shekarun 1960 da 1970, akwai kuma waɗanda suka yi lakwal ɗin gwaji ta Damagaram. In a cikin akwatin baba ko inna akwai tsohon littafin koyon karatu, ko jarida mai ninkin wasali, ko kayen aji, kar a bari gara ta cinye ko a naɗe ƙosai da shi. A ɗauki hotonsa shafi-shafi a turo mana, a faɗa mana garin da shekarar in an tuna. Wanda kuma ya zauna a waɗannan azuzuwa da kansa, muna son muryarsa a shirinmu na gaba.